Kuskus ɗin Kofur Haggai a Gonar Gayya

Ranar Laraba, saura kwana uku gayya, Yaya Haggai ya shigo gidanmu da wayar salula rataye a wuya kamar layar jariri. Ya ja kujerar mijina ya zauna, ya ce a kira masa matan gida. Matan gida ni ce da 'yata Keziah, kuma muna tsaye a gabansa tun kafin ya yi kiran.

"Me kuka shirya wa baƙin Ribah?"

Na ce kunu da safe, da rana tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa da naman akuya.

Ya rufe ido kamar wanda aka kawo wa labarin rasuwa.

Yaya Haggai wan mijina Kefas ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja ya fito da igiya biyu, ya yi gadi a Kaduna har ya gaji, bara ya dawo Zuru da akwatin ƙarfe ɗaya da labarai buhu goma. Unguwa duk Kofur ake ce masa. A maganar auren Keziah bakinsa ya fi na ubanta nauyi, don shi ne babba. Abin da ya ɗaure ni ke nan.

A zamanin iyayenmu shekara bakwai saurayi yake yi yana noma wa uban yarinya kafin a ba shi ita, shi ne golmo. Yanzu yara sun yi boko, sai gidajenmu biyu suka daidaita a kan kwana ɗaya. Mika, saurayin Keziah, zai kawo samari arba'in daga Ribah ranar Asabar su yi mana maimai a gonar dawa, mu kuma mu ciyar da su. In an ci an ƙoshi, ubansa Baba Ebenezer zai sa ranar aure a nan gindin ɗorawar gona. In ba a ƙoshi ba, zai ɗauki sandarsa ya koma gida. Keziah shekararta ashirin da takwas, sau biyu ana kaiwa bakin sa rana magana tana watsewa. Tun da aka tsai da Asabar ɗin nan nake ƙirga kwanaki.

"Tuwo," in ji Yaya Haggai, ya buɗe ido. "A shekara ta dubu biyu da biyar, tuwo. Mutane su taso tun daga Ribah su tarar da abin da suka baro a gida. Maman Keziah, kin taɓa jin salak ɗin kuskus?"

"Na san salak, Yaya. Kuskus kuma ina ganinsa a shagon Cyprian. Ban taɓa ganinsu kwano ɗaya ba."

"Ina za ki gani, iyakar tafiyarki Kontagora. A Labanan ni nake yi wa hafsoshi. Abu ne na minti biyar. A zuba ruwan zafi, a rufe, a buɗe, a wargaza. A yanka tumatir da albasa da kokwamba, a matsa lemun tsami, a kwarara man zaitun. A ajiye shi gefen abinci, a ci da sanyi. Janar uku sun ci daga hannuna. Na huɗun cewa ya yi a ba shi ni ya tafi da ni ƙasarsu, Kwamanda ya hana."

"Da sanyi, Yaya? Mutanen da suke noma tun asuba? Ai cewa za su yi kwantan jiya muka ba su."

"Rashin fita ne yake damunki."

Na dubi Kefas ko zai ce wani abu. Kefas ya sami wata ƙusa a ƙafar benci yana ta dubawa, kamar yau aka buga ta.

Na lallashi kaina da cewa a gefe ne ya ce. Tuwona yana nan. In sun ƙi nasa, sun ci nawa.

Ranar Alhamis ya tasa ni gaba zuwa shagon Cyprian, ɗan Ibo mai kayan gwangwani kusa da tasha, don in ɗauko kaya. Soja mai igiya ba ya ɗaukar kaya, in ji shi.

"Kuskus nawa kake da shi?"

"Leda goma sha huɗu, Oga Kofur. Tun Kirsimeti suna nan."

"Kawo duka."

Cyprian ya tsaya da hannu a kan kanta. "Oga, abin nan kumbura yake yi fa. Leda ɗaya mutum shida za su ci. Ka karanta baya, sun rubuta komai."

"Mutum shida irinku masu zama a shago. Masu riƙe garma zan ciyar. Kuma wanda ya rubuta bayan ledar nan, a wajen irinmu ya koya."

Da aka tara ledojin ya dube su ya ce sun yi kaɗan. Muka shiga kasuwa ya sa aka auna masa garin rogo mudu huɗu. Na ce Yaya, wannan ai gari ne. Ya ce ƙanen kuskus ne, makaranta ce kawai bai yi ba, in an haɗa su babu mai rabewa. Kokwamba kuwa muka zagaya kasuwa kaf babu, damina ce. Bai damu ba. Ya ce soja ba ya rasa madadi.

Neman man zaitun shi ya cinye masa ranar Juma'a. Na Cyprian ya ƙare. To mu a unguwarmu ba girki muke da man zaitun ba. Kowace mace ta Zumunta, ƙungiyar matan coci, tana da 'yar kwalba ɗaya da aka yi wa addu'a, tana ajiye ta don yaro in zazzaɓi ya kama shi. Yaya Haggai ya bi gida gida yana karɓa, yana cewa ba a hana biki. Tawa ya ɗauke ta daga kan taga ina kallo. Da ya haɗa takwas ya ga ba su cika kofi biyu ba, sai ya leƙa katangar Asama'u, maƙwabciyata mai waina, wadda aka ce tana da babbar kwalba.

"Asama'u, an ce kina da man zaitun."

"Ina da shi, Kofur, amma na gwiwa ne. An haɗa mini shi da tafarnuwa da kafur da wata saiwa. Shafawa ake yi."

"Mai ai mai ne."

"Haka ne. Kananzir ma mai ne."

"Ke dai miƙo."

Ta miƙo. "Ungo. Ko ba komai baƙinku ba sa koma Ribah da ciwon gwiwa."

Asabar da sassafe samarin suka wuce kan babura, uku uku, garemani a kafaɗa, suna ta hon. Kefas ya bi su da bokitan kunu. Ni na ɗora babbar tukunyar da na aro ta Zumuntar Mata, wadda mutum biyu suke kamawa, ita kaɗai ce a unguwa za ta ɗauki tuwon mutum arba'in. Ruwa ya fara tafasa ke nan, ina shirin talge, sai ga Yaya Haggai da farar riga har gwiwa da wata doguwar hula da ya naɗa da takardar kalanda. Watan Maris yana goshinsa.

"Ba ni tukunyar nan."

"Yaya, ta tuwo ce. Ga ƙarama can."

"Minti biyar. Kafin ki tankaɗe gari na ba ki kayanki."

Kafin in sake magana ya farke ledoji ya juye su duka goma sha huɗu cikin ruwan da ke tafasa, ya bi su da garin rogo, ya rufe, ya ƙara itace biyu. Ya ɗaga wayar wuyansa yana duba lokaci. Wayar ba ta da caji tun Laraba.

Murfin ya fara ɗagawa a hankali, kamar mai gaisuwa da hula. Ya danna shi. Ya sake ɗagowa. Ya ɗauko dutsen murhu ya ɗora a kai. Dutsen ma ya fara tashi.

Asama'u ta ɗora haɓa a kan katanga. "Kofur, mi ka kulle ciki? Yana son fita."

"Haka yake yi. Numfashi yake."

Da ya buɗe, abin ya biyo gefen tukunya ya gangaro cikin wuta yana ƙauri. Sama ya yi laushi, tsakiya gari ne busasshe. Ya ce ruwa ya yi kaɗan, ya ƙara bokiti. Ya kumbura. Ya kwashe sama ya zuba a bahon wanki. Ya ga ya yi ruwa, ya ce Keziah ta kawo sauran garina na kunu. Ya sake kumbura. Ya cika bokiti biyu, ya cika turmi. Sannan ya ce gudaji sun yi yawa, ya karɓi muciyata ya shiga tuƙi da hannu biyu, gumi yana ɗiga daga watan Maris.

Na ce, "Yaya, ba cewa ka yi wargazawa ake yi ba? Wannan ai tuƙi ne."

"Na mutum biyu ake wargazawa. Na bataliya tuƙawa ake."

Can muciya ta ƙi juyawa. Ya ja, ta ƙi fita. Ya sake ta, ta tsaya a tsakiyar tukunya ita kaɗai kamar an dasa ta. Sai da ya taka bakin tukunya da takalmi, ni da Keziah muka kama ƙugunsa muka ja, sannan ta fito da wata ƙara irin ta saniya in ta zare ƙafa daga laka.

Asama'u ta ce, "Barka da arziki. Mace ce ko namiji?"

Minti biyar ɗinsa a lokacin ya kai awa biyu. Rana ta ɗago sosai. Ni ina lissafin samari arba'in da kunu kaɗai a ciki.

Saura a huce. Ya ce salak ba ya haɗuwa da zafi, kuma ba za a jira ba. Akwai falalen dutse a bayan gidanmu inda muke shanya dawa. Ya sa muka kwashe abin da kwanoni muka kai can, ya shimfiɗa shi da bayan shebur kamar mai daɓe. Kajin unguwa suka taho a guje. Na ce shi ke nan, yau kaji sun gama da mu. Zakaran Asama'u ya fara sara, ya tsaya, ya goge baki a dutse hagu da dama, ya juya ya tafi. Sauran suka bi shi. Wata zabuwa da ta taka tsakiya sai da Keziah ta je ta ciro ta.

"Kin gani? Ko dabba ta san ba nata ba ne," in ji Yaya Haggai.

Ba a daɗe ba hadari ya taso ta wajen Mahuta, aka fara yayyafi. Ya shiga ihu kamar a fareti, a kwashe, a kwashe. Muka kankare shi daga dutse da shebur da mara muka mayar da shi babban baho, da ɗan yashinsa da gashin zabuwa. Da muka gama, yayyafin ma ya ɗauke.

Na koma tsakar gida in fara miya, na tarar kwandon kuɓewata babu komai. Ina juyowa na gan shi tsugune yana yanka ta zagaye zagaye a kan bahon.

"Yaya, kuɓewar miyata ce."

"Madadin kokwamba. Kore ce, doguwa ce, da 'ya'ya a ciki. Me ya rage?"

"Yauƙi, Yaya."

"Lemun tsami yana kashe shi."

Keziah ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ina jin kukanta. Shi kuwa ya watsa albasa da tumatir, ya matse lemu, ya zazzage kwalaben addu'a takwas, ya kawo ta Asama'u ya juye har ɗigon ƙarshe. Ya naɗe hannun riga ya cusa hannu har gwiwar hannu yana cakuɗawa. Gidan ya ɗauki warin ɗakin masu jinya.

"Ga tukunyarki," ya ce. "Na ce miki ba zan daɗe ba."

Na leƙa. Ƙanzo ya kai kaurin yatsa huɗu, baƙi ƙirin, ya kama gindi da gefe. Na sa wuƙa, bakin wuƙar ya lanƙwashe. Na zauna a ƙasa.

Asama'u ce ta zagayo ta ƙofa. Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta kwashi garin dawata ta raba wa gidaje uku, kowa ya ɗora ƙaramar tukunya, ta ce a yi miyar kuka tunda kuɓewa ta tafi Labanan. Amma ta gaya mini gaskiya, tuwon nan ba zai isa gona ba sai azahar ta wuce.

Na durƙusa wa Yaya Haggai. Na ce ya jira tuwo, a kai su tare, ya zama a gefe kamar yadda ya ce.

"Manyan mutane da salak suke buɗe ciki. Tuwonki ya biyo baya ya rufe."

Ya rufe bahon da sabon zanena, ya tsai da Maharazu mai kabu-kabu. Mutum uku suka ɗora bahon a bayan babur, taya ta kwanta.

Maharazu ya ce, "Kofur, bulo ne za ka kai gona?"

"Abincin manya ne. Ja mu je, kada ka shiga rami."

Ya hau can ƙarshen sirdi ya rungume bahon, hular kalanda tana kaɗawa. Ni na ɗauki tukunyar nama a ka na bi su da ƙafa, rabi tafiya rabi gudu, ina addu'a a bakin rafi babur ya kayar da shi. Allah bai karɓa ba.

Na isa na tarar samarin sun fito daga cikin dawa sun wanke hannu sun zagaye gindin ɗorawa. Sun yi kashi biyu cikin uku na gonar, jikinsu duk laka, idanu sun faɗa. Baba Ebenezer, wani gajeren tsoho da tsohuwar kwat, yana zaune a kan saiwa da sandarsa a jingine. A maganar auren nan Yaya Haggai bai taɓa haɗuwa da shi ba, don duk zaman da aka yi a baya yana Kaduna. Yana tsaye a gaban bahon yana jawabi, ya kai kan janar na uku.

Ya yaye zane. Wari ya fara isa kafin ido. Na gaba suka ja da baya.

Ya sa ludayi, ludayin ya karye a wuya. Ya sa mara, ta shiga ta ƙi fitowa. Ya ce a shimfiɗa buhu, a kifa bahon. Samari huɗu suka kifa, suka bubbuga gindi, suka ɗaga. Abin ya fito ɗungurungum da siffar baho, yana sheƙi, har da tambarin kamfanin da ke gindin bahon a samansa. Ya ɗan yi rawa ya tsaya.

Wani daga baya ya ce, "Baba, ci ake yi ko gini?"

"Kamar ɗakin kakata yake wari," in ji wani.

"Ku ba ni adda," in ji Yaya Haggai.

Da adda ya yanka. Kowane yanki in ya ɗaga sai yauƙi ya biyo shi kamar igiyar gizo-gizo, sai ya naɗe da yatsa ya tsinke. Yankin farko ya sa a kwano ya miƙa wa Mika.

Yaron nan malamin firamare ne, mai kunya, ko idona ba ya iya kallo. Wan surukinsa ya miƙa masa abinci a gaban jama'a, ina zai kai shi? Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ya gutsura ya sa a baki. Muka ji yashi ya yi ƙara a haƙorinsa. Ya tauna, ya tauna, ya rufe ido ya haɗiye, maƙogwaronsa ya hau ya sauka sau biyu.

"Yaya ka ji?"

"Da sanyi, Baba. Har cikin hanci."

"Kun ji ɗan boko. Cinye in ƙara maka."

Babu wanda ya miƙo kwano bayan shi. Jagoran samarin, wani dogo mai tsage a kumatu, ya dube ni. "Mama, tuwo fa?"

Na ce yana hanya, 'ya'yana, ku yi haƙuri, ga nama ku fara. Nama tsoka ɗai ɗai ne, ya wuce kamar ba a yi ba. Suka zauna kaɗan, suka dubi hanya, ba kowa. Dogon ya saɓa garmarsa.

"Mika, noma muka yi maka alkawari. Wannan kuwa tsakaninka da surukanka ne."

Kusan rabi suka bi shi wajen da suka jingine babura. Ina kallon bayansu, ina jin kamar auren Keziah ne yake tafiya da garma a kafaɗa.

Sai Baba Ebenezer ya yi gyaran murya. "Surukina, a ina ka ce ka koyi wannan?"

"Labanan, saba'in da tara. Kicin ɗin hafsoshi a hannuna yake."

"Ikon Allah. Ni ma na je Labanan a saba'in da tara."

Wanda zai yi ƙaryar soja ya je wata ƙasa ya yi ta. A ƙasar Zuru in ka jefa dutse a kan tsohon soja zai faɗa.

"Kicin ɗin hafsoshi kuma," in ji tsohon a hankali, "a hannuna yake. Saje ne ni, igiya uku. Abin nan da kake faɗa ni nake yin sa. Gwangwani ɗaya na kuskus, gwangwani ɗaya na ruwan zafi, kuma ba a kan wuta ba. Ba na tuna mun taɓa sa kuɓewa." Ya ƙanƙance ido. "Cire hular nan in gani."

Yaya Haggai bai cire ba. Iska ce ta cire masa.

"Haggai mai wankin tukwane. Wanda yake leƙe ta taga."

"Akwai Haggai da yawa a soja."

"Wanda ya wanke tukunyar shayin Kwamanda da kananzir ɗaya ne. Ni na hana ka shiga kicin, na mayar da kai ɗiban ruwa. Ashe abin da ka hango ta taga ke nan."

Waɗanda suka rage suka kwashe da dariya, har da masu kwanciya a kan kunya. Maharazu da ya tsaya kallo sai da ya riƙe babur ɗinsa. Yaya Haggai ya kama wayar wuyansa ya kara a kunne, ya ce ana kiransa daga Kaduna.

Ni dariya ba ta zo mini ba, don na ga hannun Baba Ebenezer ya kai kan sanda. Ya miƙe. Na ajiye tukunya na durƙusa a gabansa.

"Baba, tuwo yana hanya. Wallahi yana hanya."

"'Yata, na ga ba laifinki ba ne. Amma 'ya'yan mutane na ɗauko tun asuba, zan mayar da su da yunwa. Me zan gaya wa iyayensu? Mika, tashi mu tafi."

Mika bai tashi ba. Yana durƙushe a inda yake, ya cinye yankin farko, ya kai rabin na biyu. Hawaye yana bin kumatunsa, hancinsa yana zuba, yauƙi yana bin yatsunsa.

"Ban gama ba, Baba."

"Ajiye kwanon nan."

"Abincin gidan su Keziah ne, Baba. Ba zan bar shi a ƙasa ba."

Ya sake gutsura. Yashi ya sake ƙara a haƙorinsa. Tsohon ya daɗe yana kallon ɗansa. Sannan ya mayar da sanda jikin ɗorawa ya koma ya zauna.

"Kefas."

Mijina ya matso.

"Yaron nan zai kashe kansa a gonarka. Gara a ba shi matarsa kafin wan naka ya sake ɗora tukunya. Asabar ta biyu a watan Disamba. Ka ji?"

"Na ji, Baba Saje. Mun gode."

"Ban gama ba. Yarana ba za su ƙarasa maimai ba, sun yi nasu. Wanda ya kore su shi zai ƙarasa. Wani ya karɓe kwanon nan daga hannun Mika."

Ni na karɓe shi. Kefas ya ɗauko garmarsa ya je ya jingine ta a ƙafar wansa, wanda har lokacin yake magana da Kaduna.

A lokacin ne Keziah da Asama'u suka ɓullo da mata biyar, kwanoni a ka, tururi yana tashi. Maharazu ya bi waɗanda suka tafi ya iske su a bakin rafi, da yawa suka dawo. Aka ci tuwo da miyar kuka. Mika kaɗai ne bai iya ci ba, ya kwanta a inuwa yana gyatsar kafur, Keziah tana yi masa fifita da murfin kwano daga nesa, don kunyar idon mutane.

Kashi ɗaya cikin uku na gonarmu ba ƙaramin wuri ba ne. Kwana tara Yaya Haggai ya yi a ciki shi kaɗai, mutum mai shekara sittin da uku. Hanyar kasuwa ta gefen gonar ta bi, kuma matan unguwa ba sa wuce shi haka nan.

"Sannu da aiki, ango."

"Kofur, 'yar gidan wa kake wa noma? Ka gaya mana mu fara tara gudunmawa."

"Allah ya sa ta jira ka, Kofur."

A kwana na huɗu ya aiko Kefas ya roƙe ni, tunda ina da baki a Zumunta, in yi wa matan magana a kan hanyar nan da suke bi. Na ce to, ai ba komai. Ranar Alhamis da muka taru na tashi na yi musu maganar. Na ce ya gama saman gona, yanzu yana can ƙasa wajen rafi, su riƙa bi ta hanyar tsamiya kada su sha wahalar nemansa.